Tsakuwa ta Tara a Tekun Baba

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma, sai dai ranar Talata da hantsi Baba ya riga mu. Ya sha furarsa, ya ce a jawo masa tabarma cikin inuwa, ya kwanta, shi ke nan. Shekarunsa babu wanda ya sani, don takardar haihuwarsa wani akawun soja ne ya dube shi da ido ya ƙaga ta. Abin da muka sani dai ya binne sa'o'insa kaf, ya binne mahaifiyarmu, ya binne mijina.

Ni ce autarsa. Ungozoma ce ni a nan Tawa har na ajiye aiki, kuma aikin ya koya mini sauraron abin da mutane ke faɗi ƙasa-ƙasa. Kwana biyu na farko na zaman makoki, ina cikin gida tare da mata ina amsa gaisuwa, kunnena kuwa yana aikinsa. Wata ta ce, "Allah sarki, tsoho mai bato." Bato jirgin ruwa ke nan a bakinmu. Wata ta tuna yadda yake tashi daga kan akushi in ya ji ƙamshin kifi, aka yi ƴar dariya aka rufe baki da mayafi. Sai wata maƙwabciya ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "Allah dai shi gahwarta mai wasan nan da shi ka yi." Na ce amin, don ba a ƙin amin, amma maganar ba ta yi mini daɗi ba.

Mutum biyu ne ba su ce komai ba. Ɗaya Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ta zauna a lungu tana jan carbi, ko hawaye ba ta yi. Ɗayan kuma Mushe, tsohon shugaban lakol, wato makarantar boko, da ke maƙwabtaka da mu, abokin wasan Baba na shekara da shekaru. Shi bai shiga rumfar maza ba. Ya ɗauko kujerarsa ya dasa a gindin itacen bedi, wato dogon yaro, da ke ƙofar gida, gefen yamma inda ya saba zama, ya yini yana kallon yashi.

Ranar Laraba da yamma Yaya, babban wanmu, ya sa aka kira ni zaure. Ɗan kasuwa ne, ya yi rabin rayuwarsa a Abijan, ya dawo da gemu da tsantseni, kuma ba na musun cewa mutumin kirki ne. Ya ce da ni, "Wurin ga na gindin bedi, ran Juma'a da sahe magini zai zuba siminti, a yi dakalin salla. Burgamin nan kuma ki hiddo min shi. Caca ta. Mun yi kawaici don shina da rai. Ba ni bari a riƙa hwaɗin ubana ya ƙare bisa caca."

Na ce, "Ka taɓa ganin wani ya ci wani abu wurin?"

Ya ce, "Ɗiyan wuri a ka zubawa. Wa ka zuba wuri in ba ɗan caca ko mai duba ba?"

Na ce, "Ba ni ba ka."

Tun muna yara ban taɓa ce masa haka ba. Ya dube ni, ya ce Juma'a dai tana nan zuwa, ya koma wurin baƙinsa.

Dole in faɗi mene ne wannan wasa, don wanda bai gani ba zai zaci dara ce. Baba yakan share yashin gindin bedi bayan la'asar, ya haƙa gidaje kamar na dara, sai dai sun fi yawa. Wannan shi ne teku. Gefen gabas ya ja layi, nan ne tudu. Daga cikin burgaminsa na fatar akuya ya fito da sakaina uku. Biyu ƙanana su ne jiragen yaƙi masu bindiga, babbar kuma jirgin da ke ɗauke da sojoji, a kanta ake jera tsakuwa tara. Jiragen sama masu jefa bam kara ne guda uku, kowanne an soka masa gashin zabo. Sai ɗiyan wuri huɗu, irin waɗanda aka yi kuɗi da su a da. Mai jirgin sama ya zuba, in uku suka buɗe baki bam ya samu jirgi, in biyu ne ya faɗa kusa ya rage masa gudu. Mai jirgin ruwa shi ma ya zuba, in ya dace ya kakkaɓo kara ɗaya.

Dokokin ne suka sa wasan ya zama na Baba shi kaɗai. Mai jirgin sama a yamma yake zama, rana a bayansa, don haka mai jirgin ruwa wuri uku yake zubawa ba huɗu ba, wai rana ta kashe masa ido. Jirgin da ya tafi gida biyu a miƙe bai karkace ba ya ba abokin gaba zubi na kyauta. Tsakuwar da ta faɗa ruwa sai ta yi zagaye ɗaya ba ta motsa ba, tana kwance takalmi. Kuma ba a cin wasan da yawan jiragen da aka nutsar. Da yawan mutanen da aka kai tudu ake ci. Babu ɗaya cikin waɗannan dokoki da ya ƙaga don nishaɗi, kowace a jikinsa ya samo ta.

Yana ɗan saurayi aka ɗauke shi, lokacin babban yaƙin Turawa, sa'ad da aka ɗora wa kowane mai gari ya kawo samari. Daga ƙauyenmu na arewa da Barmu an ɗauki biyu, shi da wansa. Baba ne kaɗai ya dawo. Ya gaya wa mahaifiyarsu cewa masassara ta kashe wan nasa a bariki, an yi masa sutura an rufe shi. Da aka haifi Yaya sai aka mayar masa da sunan marigayin. Haka muka taso muna ji.

Labarin jirgin kuwa ba ya ba da shi a zaune kamar tatsuniya. Sai in ana wasa wani ya yi gardamar doka, sai ya yanko ɗan guntu ya jefa masa. A kan dokar rana ya ce, "Da la'asar sunka zaka, daga cikin rana. Ba ka ganin su, ƙara ɗai ka ka ji. Bato mai bindiga da ke gabanmu sunka hwara ma, munka ga hayaƙi, kahin mu ce mi na, ga su bisa kanmu. Nan Adar in shaho ya taho, kaza ta san gindin da za ta shiga. Teku babu gindin komi."

A kan dokar takalmi kuma ya ce, "Mu mutanen Adar ba mu saba da takalmin soja ba, cin ƙahwa shi ka yi muna. Sai mu ƙulla igiyoyin mu rataya ga wuya. Sarjan ko ya ce wanda duk yab ɓad da takalminai, bulala da gidan kaso. To, ga mu cikin ruwa, takalmi ya sha ruwa ya yi nauyi, mutum shina nutsewa shina riƙe da kayan gwamnati." In ya faɗi wannan yakan yi dariya, amma dariyar ba ta da daɗin ji. Har ya mutu bai sake sa takalmi mai igiya ba.

Mutum ne mai wuyar zama, kada ta'aziyya ta sa in yi ƙarya. A ƙasar da mata ke yini a bakin rijiya, shi kaɗai na sani yana ƙorafin ruwa ya yi yawa. In damina ta cika ƙorama ba ya tsallakawa, ko da bikin wa ake yi a ƙetare. In jirgin sama ya ratsa ta kan Tawa sai ya datse magana a tsakiya, ya sunkuyar da kai, sai ƙarar ta ɓace ya ci gaba daga daidai kalmar da ya tsaya. Amma in ya ji an ce yaro ya faɗa rijiya ko tafki, ko a wace unguwa ce, kafin masu ƙarfi su nemo igiya shi ya isa da sandarsa yana ba da umarni. Ba ya iya komai a wurin sai tsawa, kuma ba ya barin wurin sai an fito da yaron.

Da Yaya kuwa tsakaninsu sai a hankali. Kowa ya san uba ba ya kiran sunan ɗan fari, wannan alkunya ce, babu mai mamaki. Na Baba ya wuce alkunya. Ba ya iya kallon Yaya ya daɗe. In Yaya ya dawo daga Abijan da tsaraba, sai Baba ya sa albarka yana kallon bango. Ya koya wa maƙwabta wasan, ya koya wa direbobin tasha, bai taɓa ce wa ɗansa zauna ba. Yaya bai taɓa yin ƙorafi ba, amma ni na san ya riƙe abin. Da ya ce caca, ba wuri kaɗai yake nufi ba.

Yadda aka yi mace ta iya wasan kuwa, rigima ce ta jawo. Wata shekara Mushe ya samo wani littafi na Faransanci, na masu wasan yaƙin teku a kan tebur, mai jadawali da lissafi: nisan bindiga, kaurin ƙarfen jirgi, yawan bam ɗin da kowane jirgin sama ke ɗauka. Ya zo da shi yana ta murna. Da fari Baba ya ji daɗi, har ya karɓi doka ɗaya daga ciki, ta cewa jirgin da aka lalata wa matuƙi sai dai ya yi ta zagaye. Sai Mushe ya karanto inda aka ce in ayarin jirage na tafiya aka nutsar da ɗaya, sauran ba sa tsayawa, wanda ya tsaya an rage masa maki.

Baba ya ce, "Sake karantawa."

Mushe ya sake. Ya ƙara da cewa, "Gaskiya ta, tsoho. Bato in ya tsaya ya zama nama. Haka dokat take ko cikin yaƙin na gaske."

Baba ya ce, "Na sani. Na ga bayansu suna tahiya. Guda ɗai yaj juyo, ƙarami, ya karya doka, shi yas sa kake ganina. Wanda yar rubuta littahinka bisa kujera shike. Ni cikin ruwa nike."

Mushe shi ma ba ya sauka daga magana in ya hau. Ya ce littafi littafi ne. Baba ya tattara sakainarsa ya shige gida. Damina guda cur ba su yi magana ba, suna salla a sahu ɗaya. Lokacin ina gida, ban daɗe da fita takaba ba, ba na son ganin kowa. Wata la'asar Baba ya leƙo ɗakina ya ce, "Ke, taho ki zama abiyo." Jirgin sama yake nufi. Na ce ni mace ce, kuma ƙofar gida ce. Ya ce, "Bam bai tambaya." Na fita don in rabu da shi, sai ga ni kullum a gindin bedi. Da kaka Mushe ya dawo da kansa, ba littafi a hannunsa, ya tsaya a kaina ya ce in tashi daga kujerarsa, ban iya kai hari ba. Ba wanda ya ba wani haƙuri. Dokar tsayawa kuma ta zauna yadda Baba ya so: jirgin yaƙi yana iya juyowa ya ɗebi mutane, in ya tsaya mai jirgin sama ya samu zubi biyu a kansa, kuma wanda ya wuce bai juyo ba, ko ya kai tudu lafiya bai ci komai ba.

A wannan daminar na gane tsakuwoyin ba tsakuwa ba ne kawai. Kowace da kamarta, kowace da sunanta. Duk wadda aka tsamo daga ruwa sai an faɗi sunan mai ita da na ubansa da garinsa, da ƙarfi. Ja mai tsini ɗan maƙerin Barmu ne. Fara mai faɗi angon Kalfu ne, wanda aka ɗauka kwana bakwai da ɗaurin aurensa. Biyu masu kama da juna tagwayen Bambeye ne. Akwai mai gurmi, akwai wani makiyayi na arewa da ba ya jin Hausa sai Tamashek, Baba ne ke yi masa tafinta da hannu. Mutanen Adar ne da suka shiga jirgi ɗaya da shi ba su fito ba. Ba su da kabari, ba a yi musu salla ba. In an gama wasa, waɗanda ba a samu tsamowa ba ma sai a ɗauke su ɗaya ɗaya da hannu, a faɗi sunansu, a yi musu addu'a, sannan a tashi.

Sai guda ɗaya. Baƙa ce, sumul, ba ta kai ƙwallon dabino ba. Ita ba a tsamo ta, ko jirgi ya tsaya a gidan da take. Ba a faɗin sunanta, ba ta shiga burgami. In an tashi sai Baba ya tura yashi da tafin hannu ya rufe ta a nan inda ta faɗa, gobe ya tono ta. Na tambaye shi sau ɗaya. Ya ce, "Sauran ban ga nutsewassu ba. Wa ya sani, ko wani bato ya ɗauke su, ko sun yi ɗiya wata ƙasa. Ina iya hidda su. Wanga da idona nig gani. Ko cikin wasa ba ni yin ƙarya." Na ce wane ne. Ya ce in zuba wuri, zubina ne.

Ya yi ƙoƙarin kai sunayen inda ya dace, kada a ce bai yi ba. Ya je wani ofis ya fi a ƙirga, har wani akawu ya gaji ya ce masa babu takardar da ke ɗauke da waɗannan mutane. Baba ya ce, "To, ni na takardar." Wata shekara kuma aka tara mazan jiya a wani biki, aka jera su da lambobinsu a ƙirji, aka miƙa masa abin magana don ya yi godiya. Ya fara jero sunaye. Yana kan na huɗu aka karɓe abin cikin ladabi, aka tafa masa. Bai sake zuwa ba, lambar ma ya ba jikoki suka yi wasa da ita har ta ɓace. Saboda haka masu cewa Allah ya gafarta masa wasa, ina amsa musu da amin, amma su sani ba su san abin da suke faɗi ba. Mutumin nan ya yi shekara fiye da saba'in yana riƙe da mutum tara shi kaɗai, kuma duk garin nan babu wanda ya taya shi sai wani tsohon malamin lakol mai taurin kai.

Ranar Alhamis, kwana uku, aka yi addu'a da safe, aka raba sadaka. Na yini ina auna abin. In na yi shiru, gobe siminti zai hau kan tekun, da baƙar tsakuwa a ƙarƙashinsa, sunaye takwas kuma su rage a bakina ni da Mushe kaɗai, shi tsoho ne, ni kuma ciwon sukari ya fara ci na. Da aka sallame la'asar na yafa mayafi, na ɗauki burgami da tsintsiya, na ratsa zaure na fita. Rumfa cike take da maza, har da waɗanda suka zo daga ƙauyuka. Na wuce su na durƙusa a gindin bedi na fara shara. Ban ɗaga kai na dubi kowa ba.

Yaya ya taso ya tsaya a kaina. Ya rage murya ya ce, "Ke, mi ki ka yi gaban mutane? Tashi ki koma ciki."

Na ce, "Ta'aziyya ni ka yi. Kowa ya yi tashi, ga tawa. In na ƙare ka zuba simintinka."

Mushe yana nan gefen yamma. Ya gyara kujerarsa, ya miƙo hannu na ba shi karansa uku. Na lalubi yashi inda Baba ya rufe ta ranar Litinin, na tono baƙar tsakuwa, na jera tara a kan sakaina. Yaya ba zai ja ni da hannu a gaban baƙi ba, na san da haka, kuma da shi na dogara.

Mushe bai saukaka mini ba, Allah ya saka masa. Zubinsa na biyu ya nutsar da jirgin yaƙin da ke gaba. Na karkata, na kakkaɓo masa kara ɗaya, rana tana cikin idona. A zubi na biyar wuri uku suka buɗe baki, babbar sakaina ta kife, na watsa tsakuwoyi cikin gidaje. Saura ƙaramin jirgin yaƙi, gida uku tsakaninsa da tudu. Na juyo da shi. Mutane sun fara tasowa daga rumfa suna kewaye mu, wasu don mamaki, wasu don su samu abin faɗi.

Na tsamo ja mai tsini, na faɗi sunan ɗan maƙerin Barmu da na ubansa. Na tsamo fara mai faɗi, na faɗi sunan angon Kalfu. Sai wani dattijo daga cikin baƙi, wanda ban sani ba, ya matso ya ce, "Sake hwaɗi, ɗiyata." Na sake. Ya ce, "Ƙanen ubana na. Mu an ce muna gudu yay yi, ya bar amarya ya shiga duniya. Har yau gidanmu ba a son ambatonai." Na ce ba gudu ya yi ba, a teku ya mutu, da takalmin soja a wuyansa. Dattijon ya zauna a ƙasa da farar rigarsa. Daga nan ban ƙara jin ƙus-ƙus ba.

Biyar na kai tudu kafin Mushe ya lalata mini matuƙi. Uku da suka rage na ɗauke su da hannu kamar yadda aka saba, na faɗi sunayensu, kuma wannan karon ba mutum biyu suka ce amin ba. Sai na kai tafin hannu zan tura yashi a kan baƙar.

Yaya ya ce, "Waccan hwa?"

Na ce, "Ita ba a ɗaukar ta. Doka ta."

"Don mi?"

"Ya ce sauran bai ga nutsewassu ba, shina iya hidda su. Wanga da idonai yag gani, ba shi yin ƙarya ko cikin wasa."

"Wa na?"

"Bai taɓa hwaɗa min ba."

Ashe Gwaggo ta dafa bango ta fito har bakin zaure, ba wanda ya lura. Daga can ta faɗi sunan, da muryarta da ta tsufa amma ba ta karye ba. Sunan wansu ne, wanda Yaya ke ɗauke da shi.

Ta ce, "Ba masassara ta kashe shi ba. Ubanku ya hwaɗa ma innarmu haka don ta samu barci, ta ɗauka ɗanta na da kushewa. Ni sai bayan ta rasu yag gaya min. Katako guda sunka riƙe su biyu, bai ɗaukar mutum biyu. Wanmu yak kwance mai takalmi ga wuya, kana yas saki katakon." Ta numfasa, ta dubi Yaya. "Ran da anka haihe ka, shi da kainai yac ce a sa maka sunan. Kuma ka tashi da hancinai da goshinai. Ba ƙin ka yay yi ba, ɗana. Kallon na bai iyawa."

Yaya ya haura sittin, gemunsa fari. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kuma ba na fatan in sake gani.  Sai ya tattare babbar rigarsa, ya tsuguna a bakin tekun da bai taɓa zama a bakinsa ba, ya kai hannu.

Ni kuwa da taurin kaina na gado, na ce, "Yaya, doka ta hana."

Ya ce, "Shi ya gani. Ni ban gani ba."

Ya ɗauke ta, ya hure yashin da ke jikinta, ya faɗi sunan da na kakanmu da na ƙauyenmu, da ƙarfi yadda ake yi wa sauran. Da dokar Baba ya kayar da ni. Mushe ya juya fuska wajen bango yana neman wani abu a aljihu. A nan na yi kukan da ban yi ba tun ranar Talata, a gaban maza, ban kuma ji kunya ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa ƙaryar da ya yi wa mahaifiyarsa da zafin da ya yi mana. Allah ya jiƙan mutum tara na Adar da ruwa ya zama makwancinsu, ya sada shi da su a inda babu ƙarar jirgi.

Magini ya zo ranar Juma'a kamar yadda aka yi da shi. Yaya ya nuna masa ɗaya gefen ƙofar, can aka yi dakalin, kuma ya yi kyau. Kada a zaci mun shirya a kan komai. Har gobe Yaya yana cewa zuba wuri bai dace ba, ya ce in nemi wani abin zubawa, ni kuma na ce sai dai bayan raina. Ba ya zama, ba ya taɓa sakaina. Amma in yana gari, da mun kusa tashi sai in gan shi a tsaye a bayan Mushe, hannunsa a aljihu. In na gama takwas sai in yi shiru, shi ya faɗi na tara.

Tsakuwar dai bai mayar ba. Na tambaye shi sau biyu, ya ce ta daɗe a ruwa. Da takwas nake wasa yanzu.